Yadda za mu rage zafin ɗakin kwano

Darasinmu na yau a kan rufin ɗaki yake. A birane da ƙauyuka, rufin kwano, wanda wasu ke kira tol, yana ta maye gurbin rufin azara da laka. Kwano ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Amma yana da babban aibi guda, wato zafi.

Me ya sa ɗakin kwano yake zafi?

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a inuwa yakan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram. Kwanon da rana ta daka kuwa yana iya kaiwa digiri 70. Ƙarfe ne marar kauri. Ba ya tare zafi, nan take yake sako shi a kan mutanen da ke cikin ɗaki. Da hunturu kuma ta wurinsa ɗumin ɗaki yake ficewa.

Wa abin ya fi cuta?

Jarirai da tsofaffi da masu juna biyu da marasa lafiya su suka fi wuni a ɗaka, kuma jikinsu bai da ƙarfin jure zafi. Zafi mai tsanani yana ƙarar da ruwan jiki. Yana kawo ciwon kai da jiri da suma, har ma da mutuwa. A watan Afrilu na shekarar 2024 zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma tsofaffi da yawa sun rasu a wannan ƙasa. Irin shuka ma, idan an ajiye shi kusa da kwano mai zafi, ƙarfin tsirarsa yakan ragu.

Dabarar da magina suka sani

A ƙasashe masu sanyi, kamar Faransa da Ingila, mutane sukan mai da sararin da ke ƙarƙashin rufin gida ya zama ɗakin kwana. Kafin su shiga, sai su cusa wani abu mai kama da auduga, wanda ake yi da gilashi, a tsakanin katakan rufi. A Ingila akan bar tazarar kamar santimita 5 tsakaninsa da rufin, don iska ta wuce, kada laima ta ruɓar da katako. Asirin abin shi ne iskar da ta maƙale cikin wannan auduga, domin zafi ba ya ratsa iskar da ke tsaye da sauri. Su sanyi suke gudu, mu zafi muke gudu, amma dabarar ɗaya ce. Karan gero da zana da asabari duk suna riƙe iska a cikinsu, kuma a gonakinmu ake samun su.

Yadda za mu yi

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da ake ɗora rufi, katako yana a fili. Aikin ya fi sauƙi, kuɗin ma ya fi kaɗan.

1. Mu ce wa magini ya ƙara tsawon bango, don a sami wurin rufi na biyu a ƙarƙashin kwano. Shi ake kira silin.
2. Mu shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora shi.
3. Mu gitta sanduna masu ƙarfi daga bango zuwa bango. Mu shimfiɗa asabari ko tabarmar kaba a kansu.
4. A bisa wannan mu jera busasshen kara, ko zana biyu ko uku, kaurin ya kai kamar santimita 10.
5. Kada kara ya taɓa kwano. Mu bar sarari kamar kamu ɗaya a tsakaninsu.
6. Mu buɗe ƙananan kafofi a bango biyu masu fuskantar juna, tsakanin silin da kwano, don iska mai zafi ta fita. In babu kafofin, zafi zai taru a wurin, daga baya ya sauko.
7. Mu rufe kafofin da ragar ƙarfe saboda jemage da ɓera da tsuntsaye.
8. Mai hali ya shafa wa bayan kwano farin fenti. Fari yana mai da hasken rana, baƙi da tsatsa suna shan sa.

Abubuwan kiyayewa

Busasshen kara abincin wuta ne. Kada mu hura wuta a wannan ɗaki, kada mu rataye fitila kusa da silin. Wayar lantarki ta bi cikin bututu, kuma gwani ya ja ta. Kafin kowace damina mu duba kwano, mu toshe inda yake yoyo. Karan da ya jiƙe yana ruɓewa, ya yi fumfuna, ya jawo tari. Mu cire shi mu sa sabo.

Silin yana rage zafi, amma ba ya hana ƙishirwa. Mu riƙa ba yara da tsofaffi ruwa mai tsabta a kai a kai. Jaririn da bai kai wata 6 ba, a yawaita ba shi nono kawai. Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, hankalinsa ya rikice, mu jiƙa masa jiki da ruwa, mu kai shi likita ba da jinkiri ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa kara yake tare zafi?
2. Mene ne amfanin kafofin da ke tsakanin silin da kwano?
3. Wane ɗaki ne a gidanmu ya kamata mu fara gyarawa kafin bazara ta zo?