Kada a ƙone totuwa da ɓuntu a banza

Manoman Cinkassé, in kaka ta wuce, kada ku cinna wa totuwar masara da ɓuntun shinkafa wuta haka kawai. Ku zuba su a rami, wuta na kamawa ku rufe da ƙasa, su ci a hankali har su zama gawayi. A daka, a cakuɗa da kashin shanu, a bari ya yi mako 2 kafin a kai gona, domin gawayi tsura yakan fara tsotse abincin shuka. Ƙasa mai yashi ta fi morarsa, don yana riƙe danshi.

Ga wata dabarar kuma: ruwan tafki mai laka, dakakken irin zogale ɗaya yana kwantar da lakar lita 1. Amma fa ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Ku tafasa ruwan kafin yara su sha.