Dusa ga karfasa, ƙuli-ƙuli ga yaro: darasi a kan ciyar da kifin kiwo

Iyaye mata da wakilan lafiya na ƙauyuka, kun san kifin tafkin Madarunfa ba ya isar kowane gida, kuma ruwan tafkin yana ja da baya kafin damina ta dawo da Gulbin Maraɗi. Shi ya sa ake ƙarfafa kiwon karfasa a ƙananan kududdufai kusa da garake. Karfasa ta fi tarwaɗa sauƙin ciyarwa domin tana cin tsirrai, don haka yawancin abincinta yana nan cikin abin da ke saura bayan surfe da tata.

Dusar gero, dawa ko masara ita ce tushe, amma cika ciki kawai take yi. Sinadarin gina jiki da ke cikinta kashi 10 zuwa 15 ne cikin 100, alhali karfasa mai girma tana buƙatar kashi 25 zuwa 30. Kifin da aka bar wa dusa zalla zai rayu, sai dai ba zai yi nama ba. Tunkuzar gyaɗa kuwa ta haura kashi 40, ta yadda awo biyu na dusa da awo ɗaya na tunkuza, idan an auna da nauyi, suna kusan kai abin da ake nema.

A nan ne ya kamata a tsaya. Tunkuza mai kyau da ƙuli-ƙulin da ake yi da ita abincin yaro ne. Garinsu a cikin kunu yana daga cikin abubuwan da muke kare yara da su daga tamowa. Kifi sai ya yi kamar wata 6 kafin a kama shi, yaro kuwa yau yake buƙata. Gidan da gyaɗarsa ba ta da yawa, kada ya rage ta kunu domin kududdufi. A ba kifi ɓarɓashin da ya saura wajen masu tuyar mai, da tukar waken suya da masu awara ke zubarwa, da ɗan garin zogale, wanda ba ya wuyar samu a wajejen Jiratawa. Zogalen kada ya wuce kashi 1 cikin 10 na haɗin, domin yawansa yana rage girman kifi.

Sarrafawa ita ce rabin aikin. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari mai hana narkewar abinci, kuma wuta ce ke kashe shi, don haka a turara tukar ko a dafa ta, sannan a shanya ta bushe sarai. Dusa kuma a jiƙa ta ta kwana, kamar yadda ake yi wa gasara. Ɗan tsamin da take yi yana sa kifi ya fi cin moriyarta. Daga nan a kwaɓa duka a dunƙula ƙanana, domin garin da aka watsa a ruwa rabinsa asara ne.

Gyaɗa ko dusar da ta yi funfuna, ko ta yi ɗaci, kada a ce ai kifi ne. Gubar afalatoksin da ke cikinta tana lalata hantar kifi kamar yadda take lalata ta mutum, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. A binne ta.

A ciyar sau biyu a rana, da hantsi da la'asar, a wuri guda. Idan an tarar da saura, a rage na gobe. Cikin sanyin Disamba da Janairu karfasa ba ta ci sosai, kuma abincin da ya ruɓe a ƙasa yana shaƙe ta. Ɗan takin dabbobi yana mayar da ruwan kore, wannan koren kuwa abinci ne na kyauta. A tsoma hannu zuwa gwiwar hannu: idan tafin ya ɓace tun kafin nan, takin ya isa, a dakata.

Wakilai, idan kun ziyarci gida, ku duba ko an killace kududdufin saboda masu rarrafe, ku kuma tambaya nawa ake ci cikin kifin kafin a kai kasuwa. Daga wata 6 da haihuwa yaro yana iya cin kifi dafaffe da aka cire wa ƙaya tsaf, tare da ci gaba da shan nono. Ƙananan da ba su da kuɗi a kasuwa a busar da su, a daka su lilis har da ƙashi, a tankaɗe, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunun yaro yayin da yake kan wuta.