Yadda Ake Sassauta wa Ɗan Tsere Atisaye Kafin Ranar Gasa

Da zarar zangon karatu na biyu ya kankama, sai filayen makarantu daga Wurma zuwa Kurfi har Dutsin-Ma su turnuƙe da ƙura kowace yamma. Gasar gidaje ta matso, wadda yara ke kira inta-haus, kowane malamin wasanni yana neman wanda zai ciyo masa mita 100 da mita 200 da gudun miƙa sanda. Abin da ke damuna shi ne, yadda ranar take ƙara matsowa, haka malam yake ƙara wa yara aiki. Saura kwana uku ana zagaye fili sau goma, ana tsallen kwaɗo, ana gwajin wa ya fi wa har magariba. Ranar gasa sai yaron da kowa ya san yana da gudu ya ji ƙafarsa ta yi nauyi, ko tsokar bayan cinyarsa ta riƙe a mita sittin. A ce ya ji tsoro, alhali gajiya ce aka tara masa.

Atisaye yana barin abu biyu a jiki: ƙarfi da gajiya. Gajiya tana washewa cikin kwanaki, shi kuwa ƙarfin da aka gina yana daɗewa bai zube ba. Saboda haka aikin mako biyun ƙarshe shi ne a bar gajiya ta fita, ƙarfin ya fito fili. Masu dawaki a ƙasar Katsina sun daɗe da sanin wannan: dokin da zai shiga sukuwa kilisa ake yi da shi idan rana ta kusa, ba a kashe masa jiki. A 2007 wani masani mai suna Laurent Bosquet da abokan aikinsa sun tattara bincike 27 a kan wannan batu, suka ga abin da ya fi amfani shi ne a ɗauki kimanin mako biyu, a rage yawan aikin da kashi 41 zuwa 60 cikin ɗari, amma kada a rage saurinsa, kada kuma a rage yawan fitowa fili. Yawancin waɗanda aka auna masu ninƙaya ne da masu keke da masu dogon gudu, kuma ribar mai gajeren gudu takan fi tasu ƙanƙanta. To amma ga yaron da ke cinye mita 100 a daƙiƙa 12, ko kashi ɗaya cikin ɗari ya samu, ya ci tazarar mita guda. A tsere, mita guda ita ce tsakanin na ɗaya da na huɗu.

Matakin farko, malam, ka san nawa kake bayarwa, don ba a rage abin da ba a ƙirga ba. Ka auna filinka da tef ko da igiya, ka kafa alama a mita 30, 60, 80, 120 da 150. Ka samu littafi ka riƙa rubuta mitocin da yaro ya yi da cikakken gudu kawai, ban da sassarfar ɗumama jiki. Misali, mita 30 sau huɗu da mita 60 sau uku, mita 300 ke nan. Idan ana yin irin wannan sau uku a mako, jimillarka 900. Wannan adadin ne za ka raba biyu a makon ƙarshe.

A nan akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba. Yaronmu ba daga fili sai gado ba ne. Yana takowa makaranta da ƙafa, yana tura kurar ruwa, yana yo itace, wani yana taya mahaifinsa ban-ruwa a gonar rani, wani kuma ranar Laraba yana dakon kaya a kasuwar Dutsin-Ma. Yarinyar da ke gudu tana daka, tana ɗebo ruwa a kai. Duk wannan ƙafa ɗaya ce ke ɗaukarsa. Ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya abin da suka yi tun safe, ka saka shi a lissafi. Idan da hali, ka taka har gida, ka gaishe da mahaifin yaron, ka roƙi alfarmar a ɗage masa aikin ƙarfi na kwana huɗun ƙarshe. Iyaye da yawa za su yarda idan malami ya zo da kansa ya yi bayani cikin girmamawa.

Mataki na biyu, ka ƙirga kwanaki da baya daga ranar gasa. Mu ƙaddara Asabar ce. Aiki mai nauyi na ƙarshe ya faɗo saura kwana goma, wato Larabar makon da ya gabata. Mai zuwa kasuwa a yi masa nasa Talata. Wannan tsari na kwana goma ya yi suna ne ta hannun Charlie Francis, kocin Kanada. Sunansa ya ɓaci bayan da aka ƙwace zinariyar ɗan wasansa Ben Johnson a Seoul a 1988 saboda haramtattun ƙwayoyi, kuma ɓacin ya dace da laifin, amma masu horarwa na gaskiya suna amfani da wannan lissafin kwanaki har yau. A ranar aiki mai nauyin, bayan ɗumama jiki, a yi tashi na mita 30 sau uku, sannan mita 80, 120 da 150, kowanne sau ɗaya, da duk ƙarfi. Alhamis da Juma'a sassarfa kaɗan da miƙe gaɓoɓi.

Kafin mu wuce, sai mun tsaya a kan hutun da ke tsakanin gudu da gudu, domin nan ne aka fi ɓata aiki. Man da tsoka ke ƙonawa a gudun fitar rai ɗan kaɗan ne, ba ya kai daƙiƙa goma. Rabinsa yana dawowa cikin kamar rabin minti, amma cikarsa sai an yi minti uku zuwa biyar, jijiyoyin da ke ba tsoka umarni kuma sun fi haka jinkiri. Shi ya sa masu horarwa ke bin ƙa'idar minti ɗaya na hutu a kan kowace mita goma: mita 30 minti uku, mita 60 minti shida, mita 150 kuwa kwatan awa cur. Malami yakan ga yara a tsaye ya ji kamar ana ɓata lokaci, sai ya hura usur. Yaron da ya sake tashi yana haki ba gudu yake koyo ba, yana koya wa ƙafarsa nawa ne. Haka kuma tsakanin ranar gudu mai zafi da wata, a bar awa 48.

Makon ƙarshe ga yadda zai kasance. Asabar, saura bakwai: mita 30 sau huɗu da mita 120 sau ɗaya, da sauri sosai amma ba tare da cije baki ba. Lahadi hutu. Litinin motsa jiki mai sauƙi da gwajin miƙa sanda. Talata mita 30 sau uku da mita 80 sau ɗaya. Laraba sauƙi, Alhamis hutu gaba ɗaya. Juma'a a ɗumama jiki, a yi tashi na mita 20 sau uku, a tafi gida yara suna roƙon a ƙara musu ɗaya. Kada ka ƙara. Jimilla mita 470, kusan rabin 900. Ɗaga ƙarfe da tsalle-tsalle su tsaya tun saura mako guda, kuma a hana buga ƙwallon unguwa, don can ake samo targaɗe.

Sauran aikin a gida yake. Matashi yana buƙatar barcin awa takwas zuwa goma, kuma wasannin ƙwallon Turai na daren Talata da Laraba ba sa tashi sai wajen sha ɗaya, don haka gidan kallo ya haƙura da shi a makon nan. Abinci kuwa wanda ciki ya saba da shi: tuwo, wake da shinkafa, ɗanwake, ƙosai, fura da nono, ƙwai idan an samu. A sha ruwa ko ba ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da mutum bai sani ba. Fitsari idan ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Idan azumi ya faɗo cikin kwanakin, a mai da gudun daf da shan ruwa, a kuma ƙara rage shi. Maganar ƙwaya kuwa a yi ta a fili gaban kowa: tiramol tana rufe ciwo ne har tsoka ta yage, kuma hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa tun Janairun 2024. Garin gulukos da ake lasa bayan tsere ba laifi ba ne, amma ba ya ƙara gudu.

Ka riƙa duban yaran da safe. Wanda ya ce bayan cinyarsa na ja masa a wuri guda, ya daina gudu mai zafi nan take, a kai shi a duba. Wanda ya ce jikinsa ya yi sanyi saboda hutu, ka kwantar masa da hankali, tashi biyu na mita 20 za su warware shi.

Ranar gasa a ci abinci awa uku kafin tsere. Ɗumama jiki ya ɗauki rabin awa ko fiye, musamman da sanyin safiya, a kuma bar dogon wando a jiki har a kira suna. Kada a sa sabon takalmin ƙusa a ranar. Wanda ya saba gudu a ƙasa kuma za shi gasar jiha a Katsina, ya fara gwada takalmin tun saura mako uku, don yana cin sha-raɓa da agara. Bayan zagayen share fage, yaro ya yi tafiya minti biyar, ya kurɓi ruwa, ya zauna a inuwa nesa da masu kiɗa da ihu, ya sake ɗumama jiki minti goma sha biyar kafin zagayen ƙarshe. Kada a jera wa yaro ɗaya tsere fiye da uku a yini, komai kwaɗayin makin da gidansa ke yi.