Matakan Gano Asalin Hoto Kafin Ka Tura Shi Gaba

Da yawa daga cikin hotunan da ke tayar da hankali a WhatsApp ba ƙirƙirarsu aka yi ba. Hotuna ne na gaskiya, tsofaffi, aka tono su aka liƙa musu sabon labari. A rikicin Filato na watan Yunin 2018, binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon kisa da ya karaɗe Facebook a lokacin, a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Saboda haka abin da za ka fara nema shi ne shekarun hoton, kuma wayar da ke hannunka ta isa.

Mataki na ɗaya: ajiye hoton a waya, ka yanke rubutun da aka liƙa a sama ko ƙasansa. Rubutun nan yana rikita bincike.

Mataki na biyu: buɗe manhajar Google. A gefen wurin rubuta tambaya akwai 'yar alamar kyamara, ita ce Google Lens, wadda ta fito a 2017. Taɓa ta, ka zaɓi hoton, za ta jero maka shafukan da suka taɓa ɗora shi ko makamancinsa. A nan mutane ke yin garaje. Kada ka tsaya kan na farko. Buɗe uku ko huɗu, idonka a kan kwanan wata da sunan gari. Hoton da aka ce na gobarar kasuwa ne jiya da daddare, in ka tarar wata jarida ta buga shi shekara biyar baya, magana ta ƙare.

Mataki na uku, wanda ni na fi so: shiga tineye.com, shafin wani kamfanin Toronto a Kanada da ke wannan aiki tun 2008. Bai kai Google tarin hotuna ba, amma yana da abin da ya fi amfani a nan. Bayan ka ɗora hoton, zaɓi “Oldest” a wurin tsara sakamako, sai kwafi mafi tsufa da ya taɓa cin karo da shi ya hau sama. A lura dai, ranar da TinEye ya ga hoton ke nan, ɗaukarsa na iya girmar haka.

In bidiyo ne, tsayar da shi a wurare biyu ko uku da hoto ya fito tar, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bi matakan nan.

Wani lokaci bincike ba ya kawo komai, musamman in hoton sabo ne ko ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. To sai ka koma ga idonka: lambar mota, kakin 'yan sanda, harshen da ke allon shago. Allon Faransanci a hoton da aka ce na Gusau ne abin tambaya ne. Leƙa kuma shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check, wataƙila sun riga ka.

Saura mai wuyar, wato sanar da wanda ya turo, balle in babba ne a zauren dangi. Kada ka ƙaryata shi a gaban yara. Bi shi ta gefe da adireshin shafin da ka samo: “Kawu, barka da yamma. Hoton nan na duba, ashe tsoho ne, ga inda ya fara fita. Ko za a cire shi kafin su Inna su gani hankalinsu ya tashi?”