Wasiƙa Ga Ɗaliban Kimiyya: Ku Dubi Ƙwayar Jini

'Ya'yana,

Kun sha tambayata wane fanni ne ke tashe a binciken ƙwayoyin halitta, don ku ma ku bi sahu. Amsata ita ce, kada hangen nesa ya hana ku ganin abin da ke gabanku. Ku fara da jar ƙwayar jini.

Ku ɗiga jinin mai amosanin jini, wato sikila, a kan gilashi, ku leƙa ta madubin likita. Lafiyayyar ƙwaya zagayayya ce kamar faifai, mai laushi, tana kwana kusan 120 a jiki. Ta mai sikila kuwa, da iskar oksijin ta yi mata ƙaranci, sai sinadarin himogulobin da ke cikinta ya dunƙule, ta zubar da ruwanta, ta ƙandare, ta lanƙwashe kamar lauje. Da ƙyar take kai kwana 20. Ita ce ke toshe ƙananan jijiyoyi, har uwa ta kwana tana gasa wa ɗanta gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi a daren hunturu, idanunsa sun yi ɗorawa.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa. A 1954 Anthony Allison ya gano cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensu, sun fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa gadon ya yawaita a wajenmu. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2.

Ina talakanmu zai samu wannan? Ga shi babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila. Tambayoyin da suka rage namu ne: yaya za a hana ƙwayar bushewa? Yaya za a ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya dunƙulewa, cikin araha? Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kan maganin haidiroksiyuriya da shanyewar ɓarin jikin yara ya nuna cewa a gida ma ana iyawa.

Ku daure da zaman ɗakin gwaji, ku rubuta abin da idonku ya gani kawai, kada ku ƙara gishiri. Ku ma ku gwada jininku kafin aure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa iliminku ya share hawayen iyaye.

Wassalam.