Alaimen ba ya miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe

Wata Litinin da hantsi wani matashi ya shigo garejinmu da BMW ƙirar E46, sitiyarinta a karkace. "Oga, alaimen kawai za a yi mini, sauri nake," in ji shi. Na tambaye shi me ya sami motar. Ya sosa ƙeya. Ashe wasan mota aka yi a bikin abokinsa, bayan motar ya ƙwace masa, tayar gaba ta dama ta daki kankaren gefen titi. Sau biyu ya kai ta wurin masu alaimen, har yanzu tana janye shi zuwa dama.

A Turai masu son gudu kuɗi suke biya su shiga filin tsere, irin Silverstone a Ingila ko Nürburgring a Jamus, su sheƙe ayarsu a can. Namu samarin a kan kwalta suke yi. To amma ƙarfe bai san filin tsere ba, bai san unguwa ba, duka ɗaya yake ji, kuma binciken da ake yi masa ɗaya ne.

Mai alaimen juya tayarod yake yi har bakin tayoyin ya daidaita. Idan wani ƙarfe ya lanƙwashe, wannan juyi ɓoye ciwon kawai yake yi. Na'ura za ta iya nuna kore, mai mota ya biya ya tafi, bayan 'yan makonni ya ga taya ta cinye gefe guda.

Kafin in taɓa sifana, tef na ɗauko. Na auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Ɓangaren dama ya gaza da kusan faɗin yatsa biyu, wato dukan ya tura tayar gaba ta dama zuwa baya. Ko da ido ma, in ka tsuguna, za ka ga ta matso kusa da ƙofa fiye da 'yar'uwarta. Gefen da bai bugu ba shi ne ma'auninka, duk abin da ka gani a nan ka je can ka gwada.

Muka ɗaga ta a jak. Na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, don in ji ko boris ko boljoyin sun saki. Na sake kamawa hagu da dama saboda tayarod. Sannan na kafa sukundireba dab da leɓen rim, yarona ya juya tayar. Tana zuwa wani wuri sai ta goge, ta wuce ta ba da rata. Rim ya tafi ke nan. A cikin tayar kuma, ta inda ido ba ya kaiwa, ga ƙullutu kamar ƙwan kaza. Zaren ciki ya tsinke, irin wannan taya ba a yi mata faci.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne gane wane ƙarfe ne ya lanƙwashe, don lanƙwasar da ke ɓata tafiya sau da yawa ido ba ya kama ta. Nakan bi da tocila ina neman inda fenti ya tsattsage ko tsatsa ta ɓare, nan ne ƙarfe ya motsa. Nakan duba kan notinan da ke riƙe da gadon da injin da ƙafafuwa suke zaune a kai. In ka ga zoben wuri mai tsabta ya leƙo a gefen wosha, gadon ya goce daga mazauninsa. A motoci masu shokoba a tsaye irin wannan da Corolla, idan saman taya ya kwanta ciki ko waje fiye da rabin digiri in an gwada da ɗaya gefen, ina zargin shokoba, ko ƙarfen da hob ke ciki, ko lowa am. A motar yaron nan lowa am ce, da tayarod na ciki.

"Oga, ba za a gasa a miƙe ba?" Na ce a'a. Lowa am ɗin wannan mota ta alminiyom ce, in ta sha wuta ta sha guduma ƙarfinta ya tafi, kuma ranar da za ta karye ba ta sallama. Na san akwai masu yi, don sauƙin kuɗi. Ni ba na sa hannuna.

Bayan mota ma ba a tsallake shi. In ƙafar baya ta goce, motar tafiyar kare take yi, a gicciye, kuma duk gyaran da ka yi a gaba sitiyari ba zai zauna a tsakiya ba. E46 kuwa an san ta da tsagewar ƙasan bodi inda gadon baya yake ɗaure, musamman wadda ake wahalarwa, don haka na shiga ƙarƙashi na leƙa. Tasa lafiya lau.

Na aika shi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsofaffin kayan a hannu, ya gwada su da waɗanda zai saya, don na Beljiyam ma wani daga motar da ta yi hatsari aka kwance shi. Muka ɗaura, muka sauke motar a kan ƙafafunta kafin mu ƙarasa ɗaure notinan bushin, sannan aka hau na'urar alaimen. Da zai tafi ya tambaye ni ko zai iya sa tsohuwar tayar a matsayin safaya. Na sa wuƙa na farke ta a gabansa.