Cire Na'urorin Tace Hayaƙi Daga Manyan Babura: Ina Ribar, Kuma Wa Ke Biyan Kuɗin?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani reshe na cinikin kayan gyaran babura wanda ya daɗe yana kawo kuɗi, wato sayar da kayayyakin da ake sakawa bayan an cire na'urorin tace hayaƙi daga jikin babur. Daga cikin manyan masu sayen waɗannan kaya akwai mahaya baburan keta daji, irin waɗanda aka ƙera don doguwar tafiya a kan kwalta da burji da yashi. Mutum yakan zuba kuɗi masu yawa ya sayi sabon babur, sa'an nan ya sake biyan bakanike ya cire masa wani ɓangare na abin da ya saya. Wannan al'amari ya cancanci ɗan kasuwa ya yi masa nazari, domin yana nuna yadda mutum kan ga riba a cikin harkar da wasu dabam ne ke ɗaukar nauyinta.

Asalin baburan

Tarihin waɗannan babura yana da alaƙa da hamadar Sahara. A watan Disamba na 1978 aka fara tseren nan na Paris zuwa Dakar, wanda ya ratsa ta Aljeriya da Nijar da Mali kafin ya isa Senegal. Cyril Neveu ne ya lashe tseren farko a kan babur ɗin Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fito da R80 G/S, wanda ake ɗauka shi ne mafarin wannan jinsi na babura, kuma Hubert Auriol ya lashe tseren 1981 da na 1983 a kan BMW. Kamfanin Yamaha ya bi sahu a 1983 da babur ɗin da ya sa wa sunan hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, shi kuma Honda ya fito da Africa Twin a 1988.

Yawancin baburan wancan zamani ba su da wata na'urar tace hayaƙi. Sai a 1999 Tarayyar Turai ta kafa ma'aunin farko na hayaƙin babura, wanda ake kira Euro 1. Daga nan aka riƙa tsananta shi mataki mataki: Euro 3 a 2006, Euro 4 a 2016, Euro 5 a 2020. A ƙarƙashin Euro 1, an yarda babur mai inji na yau da kullum ya fitar da giram 13 na iskar kabon monoksaid a kowace kilomita. A ƙarƙashin Euro 5, giram 1 kacal aka yarda. Haka kuma iskar naitirojin oksaid ta sauko daga giram 0.3 zuwa 0.06. Ba yadda za a yi kamfani ya cika wannan sharaɗi sai da na'urorin da ake magana a kansu.

Abubuwan da ake cirewa

Na'urori huɗu ne aka fi taɓawa. Ta farko ita ce matatar da ke cikin salansa, wadda kanikawan ƙasar nan ke kira indomi saboda kamannin cikinta. Tana da ramuka ƙanana kamar saƙar zuma, an shafe su da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Idan ta yi zafi sosai, tana sauya fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar guba iri uku da inji ke fitarwa zuwa iskar da ba ta da wannan guba. Iri ukun su ne kabon monoksaid, da naitirojin oksaid, da man da bai gama ƙonewa ba.

Ta biyu ita ce na'urar auna iskar oksijin a cikin hayaƙi. Ita ke sanar da kwamfutar inji ta daidaita haɗin iska da fetur a kan kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, domin a kan wannan haɗi ne matatar ke aiki yadda ya kamata. Ta uku ita ce bututun da ke shigar da sabuwar iska cikin bakin salansa, don ragowar man ya ƙarasa ƙonewa. Ta huɗu ita ce gwangwanin gawayi, wanda ke kama tururin fetur da ke tashi daga tanki, ya mayar da shi cikin inji a ƙona shi. Wanda ya cire waɗannan yawanci tilas ya sake tsarin kwamfutar injin, in ba haka ba fitilar gargaɗi za ta kama, ko injin ya riƙa sarƙewa.

Dalilan masu cirewa

Masu wannan aiki suna da hujjojinsu, kuma wasu daga ciki suna da tushe. Suna cewa matatar na ƙara nauyi, kuma tana dafa ƙafar mahayi idan ana tafiya a hankali cikin yashi ko cunkoso. Suna cewa idan babur ya faɗi a daji, fetur kan malala cikin gwangwanin gawayi, injin ya ƙi tashi. Wasu kuma ƙarar salansa kawai suke so, da ɗan ƙarin ƙarfi.

Hujja mafi ƙarfi a da ita ce ta fetur mai dalma. Dalma tana kashe matatar har abada, domin tana rufe ƙarafan da ke cikinta. Saboda haka matafiyin da ya taso daga Turai zuwa Afirka a shekarun 1990 yana da dalilin cire ta kafin ya tashi. Amma wannan hujja ta riga ta faɗi. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma a farkon 2006, kuma Aljeriya, wadda ita ce ƙasa ta ƙarshe a duniya, ta daina sayar da shi a watan Yulin 2021. Abin da ya rage shi ne farar wuta a cikin mai, wadda ke rage ƙarfin matatar amma ba ta kashe ta kamar dalma. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince da kashi 50 cikin miliyan a matsayin iyakar farar wuta a man da ake shigowa da shi yankin.

Lissafin mai babur

Idan aka ɗora al'amarin a kan ma'aunin riba da hasara, abin da mai babur ke samu bai taka kara ya karya ba. Nauyin da ke raguwa 'yan kilo ne, a jikin babur ɗin da yawanci ya haura kilo 200. Ƙarfin da ke ƙaruwa kaɗan ne, kuma galibi daga sabon tsarin kwamfuta yake fitowa, wanda ke ƙara wa inji mai. Bututun iska da gwangwanin gawayi kuwa ba sa rage wa inji ƙarfi tun farko, saboda haka cire su ba ya ƙara masa komai.

A ɗaya gefen kuma akwai kuɗin sabon bututun salansa, da kuɗin sake tsarin kwamfuta, da ladan bakanike. Kamfanin da ya ƙera babur yana iya ƙin biyan garanti idan injin ya lalace ta dalilin wannan canji. Kamfanin inshora yana iya ƙin biyan diyya idan ba a sanar da shi ba. A Jamus, duk canjin da ya ƙara wa abin hawa hayaƙi ko ƙara yana soke izinin hawansa a kan titi. Faransa ta fara tilasta binciken lafiyar babura a watan Afrilun 2024. Bugu da ƙari, ranar da mai babur ya zo sayarwa a irin waɗannan ƙasashe, mai saye zai cire kuɗin mayar da kayan asali daga farashin.

Hasarar da ba ta shiga littafin ciniki

To, idan ribar kaɗan ce haka, me ya sa cinikin ke tafiya? Amsar ita ce babban kaso na kuɗin ba daga aljihun mai babur yake fita ba. Masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya yi bayanin wannan tun 1920. Ya nuna cewa akwai hasarar da mai saye da mai sayarwa ke jawowa, amma ta faɗa kan mutum na uku wanda ba shi cikin cinikin. Muddin ba a sa wannan hasara cikin farashi ba, za a yi ta aikata abin fiye da yadda ya dace da amfanin jama'a. Hausawa sun taƙaita wannan da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan, salansa tana bayan mahayi. Wanda ke shaƙar hayaƙin shi ne na bayansa, da mai talla a bakin titi, da yaron da ke jiran tsallaka hanya. Kabon monoksaid tana hana jini ɗaukar oksijin. Naitirojin oksaid da tururin fetur, idan rana ta buge su, suna haɗuwa su zama hazon da ke tayar da asma da sauran cututtukan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta jawo mutuwar mutane miliyan 4.2 a 2019. Babura kaɗan ne daga cikin musabbabin wannan adadi, amma babur ɗaya da aka cire wa matata yana fitar da gubar da ta kai ta babura da yawa masu ita.

Har su kansu mahaya sukan ɗanɗana kuɗarsu. A 2020 jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya ta hana baburan da ƙararsu ta wuce desibel 95 bin wasu hanyoyin tsaunuka a lokacin bazara, bayan koke-koken mazauna yankin. Dokar ta shafi har wasu baburan da ba a taɓa su ba tun fitowarsu daga masana'anta.

Hukunci a kan 'yan kasuwa

Da yake bin mahaya ɗaya bayan ɗaya yana da wuya, hukumomi sun fi mayar da hankali kan masu ƙera kayan da masu sayar da su. Dokar tsabtace iska ta Amurka ta haramta cire na'urorin tace hayaƙi daga abin hawan titi, ta kuma haramta ƙera ko sayar da kayan da ke kashe aikinsu. A watan Agustan 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12, bayan gwamnati ta zarge shi da sayar da kimanin na'urori 340,000 na sake tsarin kwamfutar inji tun daga 2008. Kamfanin bai amsa laifi ba, ya ce na'urorin na filin tsere ne kawai. Hukuma kuwa ta ce a kan titi aka yi amfani da mafi yawansu. An wajabta masa ya daina sayar da su, ya kuma sayi waɗanda suka rage a hannun dillalansa ya lalata su.

Darasin a bayyane yake: rubuta wa kaya cewa na tsere ne bai isa ya kare mai sayarwa ba, idan an san inda kayan ke ƙarewa. A ɓangaren motoci kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba. Badaƙalar Volkswagen ta 2015 ta shafi motoci kimanin miliyan 11, ta kuma ci wa kamfanin fiye da yuro biliyan 30.

Abin lura ga 'yan kasuwar Nijeriya

Wannan batu yana isowa ƙasar nan ta hanyar cinikin ababen hawa na hannu. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Manyan babura ma ta irin wannan hanya da yawa suke shigowa. Babur ɗin da ba zai ci jarrabawar hayaƙi a ƙasarsa ba, hanya mafi sauƙi ga mai shi ita ce ya sayar wa mai fitar da kaya waje.

Ban da haka, ita kanta matatar haja ce mai kasuwa. Farashin rodiyam ya kai kusan dala 29,000 kowace oza a watan Maris na 2021, kafin ya faɗo ƙasa da dala 5,000 a 2023. Faladiyam ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2022. Wannan ne ya sa satar indomi ta yawaita a ƙasashe da dama, kuma masu motocin tokumbo a Nijeriya sun san yadda akan kwashe ta a cikin salansa a mayar da ƙoƙon fanko.

George Akerlof, wanda ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayani a 1970 cewa idan mai saye ba zai iya bambance abin hawa mai kyau da maras kyau ba, zai taya duka da farashi ɗaya mai rauni. Daga nan masu kaya masu kyau sai su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Dillalin da ke shigo da babur cikakke shi ne ke cutuwa a irin wannan kasuwa, sai fa idan ya iya nuna shaidar cewa nasa cikakke ne.

Saboda haka mai shigo da manyan babura ya kamata ya guji cinikin biri a sama. Ya nemi hoton salansa da lambobin kamfani da ke jikinta kafin ya biya. Ya tambaya ko an sake tsarin kwamfutar injin, ko kuma kayan asali suna nan a haɗa masa da su. Idan kaya sun iso, bakanike ya duba ko akwai bututun roba da aka toshe, ko wayar da aka yanke, ko ƙarfen da aka rufe kan inji da shi, ya kuma lura da warin ɗanyen fetur da fitilar gargaɗi. Duk abin da aka samu an cire, a rage kuɗinsa daga farashi, a kuma faɗa wa mai saye gaskiya.

Ita ma dokar ƙasa ba ta bar wannan fanni haka nan ba. An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin hayaƙin injunan fetur da dizal. Ɗan kasuwar da ya gina sana'arsa a kan cewa ba za a taɓa aiwatar da doka ba, ya jingina jarinsa ga abin da ba ya hannunsa. Wanda ya koya wa kanikawansa gyaran waɗannan na'urori, ya kuma tanadi na'urar binciken kwamfutar inji da kayan asali, shi ne zai sami aiki, domin manyan kamfanonin duniya da irin waɗannan na'urori suke ƙera baburansu yanzu.